Yadda ake sa ma bisap da ruwan citta gas cikin tano, da zaɓen tiyon da ba ya zubo kumfa

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Bukoki na sha kunyar da har yanzu ba a bar yi mini tsiya da ita ba. Na yi kwana biyu ina cika baki wai zan kawo bisap mai gas irin na kanti, ana buɗe robine yana zuba, na ɗoro tano bisa moto cikin ranar ƙarfe goma sha ɗaya, na kafa shi ƙarƙashin rumfa, kawuna da kanshi ya miƙo kofi. Ina buɗe robine sai fuuu, kumfa ja ta cika kofi ta malalo har bisa hannun farar shaddarshi, ruwan da ya kwanta ƙasan kofin bai kai yatsa biyu ba, kuma da ya kurɓa babu gas ko kaɗan ciki. Ya dube ni ya ce "to ɗana, wanga sabulu ne ko abin sha?" Mata na ta dariya daga bayan zana. A bokiti da moɗa anka ƙare rabon bisap ɗin ranar nan.

Ni a lokacin na ɗauka gas ne ya yi yawa, sai na rage matsi, abu ya ƙara lalacewa. Daga baya na gane laifin na wasu biyu ne da ban ma kula da su ba, tano ya yi zafi bisa hanya, tiyon da na sa kuma gajere ne mai faɗin rami. To ga yadda nike yi yanzu, daga farko har kofi.

Kayan da za ka nema

Tanon da nike magana na ƙarfen inoks ne, dogo siriri, litir 19 yake ci. Masu saida shi a intanet keg suke ce mishi, masu faransanci su ce fût, ni dai tano nike ce mishi. Kamfanin Cornelius na Amurka ne ya yi suna da ƙera shi don kamfanonin lemu, shi ya sa bakinshi iri biyu ne har yau, akwai wanda Pepsi ta yi amfani da shi mai kama da ƙananan ƙwallaye, akwai na Coca-Cola mai ƙusoshi a gefe, biyu wajen gas ukku wajen ruwa. Kawunan haɗi, wato waɗanda ke haɗa tiyo da bakin tano, na wannan ba su hawa wancan, don haka ka san irin naka kafin ka aika a sayo maka kai. Da kamfanoni sunka bar aiki da su sai masu dafa giya a gida can Amurka da Turai sunka kwashe, kuma kusan duk lissafin da za ka gani an rubuta su ne sunka rubuta shi don giyarsu. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani gaba, don giya ba ta shan gas kamar lemu.

Tanon yana da murfi mai zoben roba babba, da ɗan bawul na fidda iska bisa murfin mai zobe da ake ja, da baki biyu. Bakin gas bututunshi gajere ne, bakin ruwa nashi ya sauka har ƙasa. Nawa wani ɗan uwa mai kawo kaya daga Lome ya samo mini, tsoho ne har da warin lemun da ya taɓa zama ciki, sai da na canza zobban robar da ke jikinshi guda biyar duka kafin warin ya tafi. In naka tsoho ne kai ma ka canza, roba na riƙe wari fiye da ƙarfe. Manyan tanonin nan da ake gani a otel da mashaya kuwa ka bar su, na kamfani ne, buɗe su sai da kayan aiki na musamman, kuma mai matsi ciki yana iya ji ma mutum ciwo.

Sai buteli na gas ɗin CO2. Nan ne ake yawan yin kuskure a Yamai don wajen masu cika abin kashe gobara da masu walda ne anka fi samun shi. Ka ce musu kana son na abinci, wanda ake rubuta ma E290. Gas ɗin walda sau da yawa gauraye yake da argon, ba zai yi maka aiki ba. Shi kuma butelin kashe gobara akwai bututu cikinshi da ke jawo ruwan gas daga ƙasa, in ka ɗaura mishi detandar, wato na'urar da ke rage matsin gas kafin ya shiga tano, zai daskare ya lalace. Detandar ɗin ma na CO2 za ka nema mai agogo biyu, ɗaya na babban matsin cikin buteli ɗaya na matsin da ke zuwa tano, kada wani a Katako ya lallaɓe ka da na iskar oksijin ko na gas ɗin girki wai duk ɗaya ne, kuma ka tafi da butelin ka gwada zare a gabanshi don zaren Amurka da na Turai ba su shiga juna. Ka sa ɗan bawul mai hana komawa baya a kan tiyon gas, ranar da bisap ya yi baya ya shiga detandar za ka gode mini.

Da bar ake auna matsi, cikin buteli matsin ya kai bar 57 a digiri 20, kuma da zafi ya wuce digiri 31 ruwan gas ɗin ba ya iya zama ruwa kuma, matsi ya dinga hawa da sauri. Mu da watan Afrilu ke kai mu sama da 40, wannan ba zancen wasa ba ne. A inuwa, a tsaye, ɗaure da sarƙa ko igiya jikin bango, kuma kada ka taɓa barin shi cikin mota rufe. Agogon babban matsi kuwa ba ya gaya maka saura nawa, allurar tana tsaye wuri ɗaya har sai ruwan gas ya ƙare sannan ta faɗi gaba ɗaya. Sikeli ne ke faɗin gaskiya, nauyin buteli babu komi an buga shi a wuyanshi, sai ka auna ka cire. Tano ɗaya yana cin kamar giram 250 tsakanin sa gas da turo ruwa waje, buteli mai kilo 2 ya kamata ya kai ka tano shida zuwa takwas, in ya ƙare a na biyu to yoyo gare ka.

Na ƙarshe firigo. Ni firiza mai buɗewa ta sama nike aiki da ita, na haɗa ta da ƴar na'urar da ke yanke mata wuta in sanyi ya kai inda na ce, na manna wayar awon jikin tano da sikoci na rufe da ɗan soso, na sa digiri 4. In babu na'urar nan firiza za ta mayar maka da tano dutsen ƙanƙara. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in akwai yoyo ƙasan firiza yake taruwa, kada ka zura kai ciki kana leƙe, kuma kada a ajiye kayan a ɗakin kwana.

Haɗa abin shan

Ban zo koya ma kowa dafa bisap ba, kowace uwa ta fi ni. Abin da ya bambanta kawai shi ne tacewa. Gas yana neman ɗan abin da zai kama ya zama kumfa, kowane ɓurɓushin yakuwa ko garin citta wurin kamawa ne. Ni rabin kilo na busasshen bisap nike sa ma litir 18, sukari kilo ɗaya da rabi zuwa kilo 1 da giram 800, wato kusa da na lemun kanti da ke da giram 100 a litir. Ka tafasa ruwan da sukarin tare, ka tace da rariya, ka sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta ninki biyu. Gas na ƙara ɗan tsami da cizo a harshe, don haka abin da ka ɗanɗana ya yi maka daidai a tukunya zai ɗan rage zaƙi a kofi.

Ruwan citta, wanda Zabarmawa ke ce ma lemu hari, shi ya fi wahala. Citta na da gari fari da ke kwantawa, ka bar shi ya kwana cikin sanyi a rufe, da safe ka tsiyaye na sama a hankali ka bar laka a ƙasa. In ka yi gaggawa garin nan zai taru daidai bakin bututun da ke ƙasan tano ya toshe maka ɗan bawul ɗin bakin ruwa. Ka matsa lemun tsami ko tsamiya isasshe, tsamin na taimaka mishi ya daɗe.

Kunun aya, fura, nono, duk abin da ba shi da tsami sosai ko mai kauri, kada ya shiga tano. Wuri ne rufe babu iska, akwai ƙwayoyin cuta masu haɗari da ke son irin wurin in abin bai yi tsami ba.

Akwai kuma maganar da ya kamata in faɗa a fili tunda yawancinmu don gudun giya ma muke shan bisap. Ruwa mai sukari in ya samu ɗumi da ƴan ƙwayoyin yis na iska, da kanshi zai fara juyewa, sukarin ya koma barasa. Gas ba ya hana wannan, tafasawa da tsabta da sanyi ke hanawa. Da yadda ake ɗauke wuta lokacin zafi, in firiza ta yi yini ba wuta kada ka yi ta buɗe ta, ka jefa galas ciki in da hali. Alamar ya fara juyewa ita ce ka rufe buteli amma matsi na ƙaruwa da kanshi, zaƙi na raguwa, wari ya canza. In ka ga haka zubar. Ni ba na barin tano ya wuce sati biyu.

Wanki da cikawa

Kada jabel ya taɓa tanon nan. Na san komi namu da jabel muke wankewa, amma sinadarin da ke cikinshi yana cin inoks, ya yi mishi ƴan ramuka ƙanana da ba su gyaruwa. Ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi, soso mai laushi, ka kwance bakunan biyu ka zare bututun ka wanke kowane daban. Daga nan ka zuba tafasasshen ruwa litir biyu ko ukku, ka rufe ka jujjuya da tsumma a hannu don ƙarfen zai yi zafi, ka ja zoben murfi tururi ya fita, ka zubar.

Ka zuba abin sha a hankali, litir 18, ya tsaya ƙasa da ɗan gajeren bututun gas. Ka sa murfi, ka haɗa kan gas (mai ruwan toka shi ne na gas, baƙi na ruwa, in ka tilasta wani bisa bakin wani cire shi sai an yi dambe). Kafin ka buɗe buteli ka sassauta makunnin detandar gaba ɗaya, ka buɗe buteli sannu, sannan ka ɗaga zuwa bar 2 don murfin ya zauna, matsin ciki ne ke danne robar. Ja zoben murfi na daƙiƙa biyu, saki, bari ya cika, sake ja, kamar sau huɗu ko biyar, wannan na korar iskar da ta rage sama wadda ke dushe launin bisap ta canza ɗanɗano. Sai ka kaɗa ruwan omo ka shafa a kowane mahaɗi da gefen murfi. Inda ya yi ƙwai nan ne yoyo.

Sanyi da matsi

Ruwa mai sanyi ya fi shan gas, ruwa mai ɗumi tofar da shi yake. Kuma yawan gas ɗin da zai narke yana bin matsin da ke samanshi, wani Bature ɗan Ingila William Henry ya bayyana haka tun 1803. Ana auna gas na abin sha da ninki, ninki 1 shi ne litir ɗaya na gas ya narke cikin litir ɗaya na ruwa, kusan giram 2 ke nan. Giya yawanci ninki 2 da rabi take, lemun kwalba 3 da rabi zuwa 4.

A digiri 4, bar 0,8 na ba da ninki 2 da rabi, wannan shi ne lissafin masu giya, a agogon Amurka psi 12 ke nan tunda bar 1 psi 14 da rabi ne. Ninki 3 na son kamar bar 1,2. Ninki 3 da rabi na son bar 1 da rabi. In firigonka digiri 10 kawai yake iya kaiwa, ninki 3 da rabi zai nemi bar 2. A zafin ɗaki na digiri 30 kuwa ko ninki 3 sai ka wuce bar 3, kuma ko ya shiga, kana buɗe robine zai tsere. Shi ya sa ba na fara sa gas sai tano ya kwana cikin firiza ya yi sanyi har cikinshi.

A ganina bisap ya fi daɗi a ninki 3, in ya wuce haka cizon gas na danne ƙamshin na'ana'a da ake sa mishi. Citta ce ke son ninki 3 da rabi, yajin da gas ɗin suna tafiya tare.

Shigar da gas

Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ta haƙuri. Ka sa matsin da kake so, misali bar 1,2 a digiri 4, ka bar buteli buɗe ka manta da shi kwana bakwai zuwa goma, wani lokaci har sati biyu. Ba zai taɓa wuce inda ka sa ba don da ya ƙoshi zai tsaya. Matsalarta gare mu ita ce abin shanmu mai sukari ne ba ya son dogon zama, rabin kwanakinshi sun tafi wajen jira.

Wadda na fi yi ita ce ta tsakiya. Tano mai sanyi, bar 2 da rabi, awa 24. Sai in rufe gas, in ja zobe in sauke matsi, in mayar da detandar bar 1,2 ko 1 da rabi, in ɗanɗana. Yawanci ya kusa, kwana ɗaya ko biyu a matsin zubawa sai ya daidaita. Ka sa ƙararrawa a waya, wanda ya manta shi kwana ukku a bar 2 da rabi zai sha kumfa.

In kuma biki gobe ne, akwai ta girgiza. Ka sa bar 2, ka kwantar da tano mai sanyi bisa tabarma bakin gas na sama, ka dinga mirgina shi gaba da baya da ƙafa, za ka ji detandar na kuka siii gas na shiga. Minti biyar, ka tsaya, ka tayar da shi ka mayar firiza ya huta aƙalla awa biyu kafin ka taɓa robine. Dabarar da ta fi aminci ita ce ka girgiza a daidai matsin da kake son zubawa, ka yi ta yi har kukan ya daina, ya fi cin lokaci da ƙarfi amma ba ya wucewa. Kuma buteli na tsaye duk wannan abin, tano kaɗai ke kwance.

In ya riga ya wuce, rufe gas, ka dinga jan zobe duk bayan ƴan awoyi kwana ɗaya ko biyu har ya sauko.

Tiyo

To nan ne inda na faɗi ranar suna. Abin sha na zaune cikin tano a bar 1 da rabi, kofi kuma babu matsi ko kaɗan. In ruwa ya fito daga wancan zuwa wannan farat ɗaya, gas ɗin duka zai fashe ya zama kumfa, kamar ka girgiza kwalba ka buɗe. Aikin tiyo shi ne ya cinye matsin nan kaɗan kaɗan bisa hanya, ruwa na gogar jikinshi yana rage gudu, ya iso robine a natse. Don haka tiyon ruwa siriri ake so kuma dogo, abin da hankali ba ya ba mutum da farko, ni ma cewa na yi mi zan yi da mita bakwai alhali tano na nan robine na nan.

Faɗin ramin ciki shi ne magana, ba kaurin waje ba, kuma ɗan bambanci kaɗan na canza komi. In ka ninka faɗin rami sau biyu, riƙon da tiyo ke ma ruwa na raguwa sau 16 ko fiye. Wato abin da mita 1 na mai rami milimita 4 zai yi, mai milimita 8 sai ya yi mita 16 ko fiye. Wanda na kai wurin sunan nan milimita 8 ne, mita ɗaya da rabi, ka ga ai kamar babu tiyo ma.

Wanda anka fi sani shi ne na roba mai laushi mai rami milimita 4,8, a awon Amurka 3/16 na inci. Tsofaffin jadawali na cewa yana cin matsi da yawa har mita ɗaya da rabi ta isa, amma masu aiki da shi a gida sun daɗe da gane cewa bai kai haka ba. Lissafin da ya yi mini daidai shi ne mita 4 da rabi ga kowane bar 1. Mai giya a bar 0,8 kamar mita 3 da rabi ta ishe shi, mu masu bar 1,2 sai mita 5 da rabi, bar 1 da rabi kuwa mita 7. In ka kwafi tsawon masu giya ka sa ma lemu, kumfa za ka samu ka yi ta zargin detandar. Mai milimita 6 da ɗan wani abu, wato 1/4, kada ma ka fara, sai ka ninka tsawon nan kamar sau ukku, shi na mashaya ne da tano ke nesa da robine.

Akwai sabon iri da ake ce ma EVA, mai rami milimita 4 waje milimita 8, an yi mishi shafi daga ciki da ke hana iska shiga da hana shi shan wari. Rabin tsawon wancan yake buƙata, bar 1 da rabi mita 3 da rabi zuwa 4 ta isa. Ya ɗan fi tauri, turawa ake cikin mahaɗi na musamman ya kama, in kuma bisa haƙorin ƙarfe za ka sa shi sai ka tsoma bakin a ruwan zafi ya yi laushi. In za ka aika a sayo maka, shi nike ba da shawara, saboda robar nan mai laushi in citta ta bi ta cikinta sati ɗaya, duk abin da ka sa bayan nan citta zai yi ta yi, bisap kuma rina ta yake ja. Wanda ke da mai laushin ya ware ma kowane abin sha nashi tiyo.

Tsawo zuwa sama ma na cin matsi, kowace mita ɗaya da ruwa zai hau tana cin bar 0,1. In robine na bisa murfin firiza wannan ba abin damuwa ba ne.

Kada ka tsaya neman lissafi na daidai da daidai, tiyo ba duka ɗaya ba ne kuma ruwa mai sukari ya fi ruwa zalla kauri. Sayo fiye da abin da kake zato da mita ɗaya ko biyu, ka haɗa, ka gwada da agogon lokaci. Abin da kake nema kofi mai rabin litir ya cika a daƙiƙa 10 zuwa 12. In yana ɗiga kamar pampo lokacin zafi, rufe gas, sauke matsi, yanke santimita 30, sake gwadawa. Yankewa na da sauƙi, ƙari ne babu, mahaɗi a tsakiyar tiyo wurin haihuwar kumfa ne.

Ka naɗe shi kamar gammo mai faɗi, ka ɗaure da igiya, ka ɗora bisa kan tano cikin firiza, kada ya lanƙwashe. Duk tiyon cikin sanyi zai zauna. Mita 7 na riƙe fiye da mililitir 120, in yana waje cikin zafinmu ruwan ciki ya ɗumama gas ya rabu da shi, kofin farko kullum kumfa.

Abin da ba za ka sa ba ko kyauta anka ba ka: tiyon ban ruwa, tiyon gas na girki, na essansi, da farin nan da magina ke awon daidaito da shi. Suna kama da na abinci a ido amma ba don ciki anka yi su ba, ruwa mai tsami na jawo sinadarin robar. Na abinci a rubuce yake jikinshi, da matsin da yake ɗauka. Ƙarfe ma haka, duk inda abin sha zai taɓa ya zama inoks ko robar abinci. Jan ƙarfe da tagulla, irin mahaɗan masu gyaran pampo, ruwa mai gas na narkar da su ya shiga abin sha, yana sa amai da ciwon ciki, wata tagullar ma da dalma ciki. Tiyon gas shi bai da ruwa da tsawo ko faɗi, ya dai ɗauki matsi, ka ɗaure kowane baki da kolye.

Akwai robine mai ɗan hannu a gefe da ake rage gudu da shi, yana taimakawa ƙwarai in kana canza abin sha mai gas daban daban, amma ni ko da shi ba na gajarta tiyo sosai.

Zubawa

Buɗe robine gaba ɗaya, lokaci guda. Rabin buɗewa matse ruwa yake ta ƙaramar kafa ya fesa shi, mutane na yi don tsoron kumfa alhali shi ke kawo ta. Karkata kofi ruwa ya bi jikinshi, ka miƙe shi in ya kusa cika. Lokacin hunturu ƙura na kwanta cikin kofuna, ɗauraye da ruwan sanyi kafin ka zuba, za ka ga bambanci da idonka.

In kumfa ta dame ka, leƙa tiyon kafin ka taɓa komi. In ka ga guraben iska ciki bayan ya ɗan zauna, matsin da ka sa ya yi ƙasa da gas ɗin da ke cikin ruwan, ko kuma tiyo ya yi ɗumi, maganin ka ƙara matsi ko sanyi. Rage matsi da na yi ranar suna shi ya ƙara tsinka gas ɗin tun cikin tiyo. In tiyo cike yake babu gurbi amma ruwa na fitowa da gudu, gajere ne. In yana fita yana tari yana tofi, diba ƙaramar robar da ke wuyan dogon bututu, in ta tsage gas na sama na bi ta nan ya gauraya da ruwa.

Zuwa biki kuwa yanzu da sassafe nike kai tano, a mota, in tsayar da shi cikin rabin duro, in kewaye da galas har wuya, gammon tiyo ma cikin ƙanƙarar, in rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya huta awa biyu daga girgizar hanya. Buteli a gefe cikin inuwa ɗaure da ƙafar rumfa, kuma in sa yaro babba ɗaya ya tsare don ƙanana na son murɗa makunni.

Da tano ya ƙare, ranar nan nan ka zuba ruwan ɗumi litir ukku ciki ka tura shi da gas ta tiyo da robine har ya fito fari. Duk sati biyu ka bi da ruwan wanki, in soda mai ƙuna ce ƴar kaɗan, kamar giram 20 a litir, da safar hannu da tabarau don tana cin fata, ka bar ta ciki minti 15 sannan ka ɗauraye sosai da ruwa mai yawa. Kwance robine ka goge cikinshi da ƙaramin buroshi, wurin nan sukari ke bushewa, ƙudaje da tururuwa sun san shi, ni har ɗan murfin roba nike sa ma bakin da dare. Tiyon da ka ɗaga a rana ka ga ya yi duhu ko ɗigo ɗigo baƙi daga ciki, wanki ba zai fidda shi ba, yanke sabo daidai tsawon tsohon, shi ya sa na rubuta tsawon nawa da maka jikin murfin firiza.